Kebul mita 25 da ya dawo wa autanmu da barcinsa

 Na san wani zai ga kan maganar yau ya ce me ya haɗa mai harhaɗa magunguna da kebul da kwamfuta. Ku yi mini haƙuri ku biyo ni, domin a gaban kantar magani zancen ya faro.

A 'yan watannin nan da wuya mako ya ƙare ba a samu wata uwa ko yaya ta shigo shagon da nake aiki a Jimeta tana neman ɗaya daga cikin abubuwa uku ba: maganin ɗigawa saboda idon yaro ya yi jawur, maganin ciwon kai da sanƙarewar wuya, ko kuma ta rage murya ta ce, "Ba ki da wani abu da zai sa shi barci?" Idan na tambayi ƙarfe nawa yake kwanciya, sai a yi ɗan jim, can a ce, "Wallahi sai an kusa kiran assalatu." Me yake yi har wannan lokaci? Gem. A da shawarar da kowa ke bayarwa nake bayarwa: a ƙwace, a hana, a buɗe masa ido. Sai da abin ya shigo ɗakina na gane ashe faɗar ta fi aikatawar sauƙi.

Autanmu ne ya dawo wurina da zama bayan ya gama sakandare, yana jiran gurbin karatu. Gidan haya muke, irin waɗanda kuka sani daga Jambutu har Demsawo da Luggere: ƙofar shiga ɗaya, tsakar gida ɗaya, iyali huɗu kowa da sashensa. Ya zo da kwamfutar tebur da ya haɗa da hannunsa, yau ya sayi wannan gobe ya sayi wancan, da kuɗin da ya tara a shagon gyaran waya da ɗan abin da yayyensa suka cika masa. Intanet kuwa, mu iyali uku muka yi karo-karo muka sayi na'urar rarrabawa mai cin layin waya, wadda ake ce wa rauta, aka ajiye ta a falon maƙwabciyata domin tagarta ce ta fi kama sabis. Duk wata sai mu haɗa kuɗin data. Mun fi shekara a haka ba wanda ya ji kanmu.

Kafin yaron ya cika wata guda a gidan, na fara ganin abin da nake gani a 'ya'yan mutane. Ido ja, barci har azahar, ga gwangwanayen lemon ƙara kuzari a ƙarƙashin gado. Ranar da na tsare shi da faɗa, ya bari sai da na kai aya, sannan ya ce, "Adda, ni fa ba son daren nake yi ba. Da rana abin ba ya yi ne. Sai kowa ya kwanta yake tafiya daidai."

Na ɗauka wayon yara ne. Ya zaunar da ni ya nuna mini wata 'yar lamba a kusurwar allo. Ita ce ke nuna tsawon lokacin da saƙo ke ɗauka ya bar kwamfutarsa, ya isa babbar kwamfutar kamfanin wasan, ya dawo. Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Mai kallon fim a YouTube bai damu da wannan lamba ba, domin wayarsa tana ɗebo hoton tun kafin ya iso wurin, ko sabis ya yi tuntuɓe ba zai ji ba. Mai buga Call of Duty ko ƙwallon FIFA da wani mutum a wata ƙasa kuwa ba shi da wannan rangwame. Idan saƙonsa ya makara da rabin daƙiƙa, an riga an harbe shi, ko an zura masa ƙwallo. Su waɗannan manyan kwamfutoci ba a Yola suke ba, da yawansu ma ba a Najeriya suke ba. Akasari suna Turai ne ko Afirka ta Kudu. Saƙon yaronki sai ya bar Jimeta, ya ratsa ƙasar nan ya kai Legas inda wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka, sannan ya haye. Saboda haka ganin lambar ta wuce 100 a wajenmu ba abin mamaki ba ne, kuma wannan ba mai iya gyara shi daga cikin ɗaki. Waɗanda suka tuna watan Maris na 2024, lokacin da wasu daga cikin wayoyin tekun suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, sun san yadda matsalar da ta faru a can nesa ta shigo har cikin wayoyinmu.

Abin da ake iya gyarawa shi ne ɗan guntun da ke tsakanin rauta da kwamfuta, kuma a gidan haya nan ne yawan ɓarnar take. Daga falon maƙwabciyata zuwa ɗakin yaron akwai bangon bulo uku, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa a tsakani. Waifai iska yake bi, kuma siminti da ƙarfe da ruwa duk suna rage masa ƙarfi. Yawancin rautoci na yanzu suna da tashoshi biyu, mai lamba 2.4 da mai lamba 5. Ta biyun ta fi gudu amma ba ta jure bango, ta farkon tana kaiwa nesa amma cunkoso ya yi mata yawa, domin rautocin maƙwabta da wasu na'urori duk a kanta suke. Sannan da rana wayoyi sun fi goma a kan rauta ɗaya: wannan tana TikTok, wancan yana tura bidiyon biki a WhatsApp, yara suna kallon katun. Da ƙarfe ɗayan dare kuwa gida ya yi tsit, unguwa ta yi barci, turken sabis ya samu sarari. Sai a haɗa da datar dare mai araha da kamfanonin waya ke sayarwa daga tsakar dare zuwa asuba. Ku duba fa, komai na tsarin nan tura yaro yake yi cikin dare. Mu kuma muna tsaye a bakin ƙofa muna cewa ba ya jin magana.

Maganin da shi ya kawo shi ne a ɗauko rautar a dawo da ita ɗakinsa. Maƙwabciyata ta ce ba da ita ba, kuma tana da gaskiya, domin da kuɗinta a ciki. Ana cikin haka sai datar da ke kai mu ƙarshen wata ta ƙare a kwana tara. Nan fa aka fara kallon-kallo a bakin famfo. Hausawa suka ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Da muka bincika, ba buga wasan ne ya cinye ba. Shi buga gem a intanet ba ya cin data kamar kallon bidiyo. Abin da ke lashe ta shi ne sauke wasan da sabunta shi: wasu wasannin sun haura giga 100, kuma idan ba a hana ba, kwamfutar da kanta take fara saukewa da zarar an kunna ta. Na biya kuɗin da ya hau kanmu, na ba da haƙuri, amma na san idan aka sake sau ɗaya zumuncin shekara zai tafi. Balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, ba wanda ke yi wa giga kallon wasa.

Ga abin da muka yi, wanda nake ganin zai yi wa da yawa daga cikinku amfani.

Mun ja kebul. Shi ne wayar intanet mai kai irin na tsohuwar tarho amma ya fi faɗi, ana samun sa a wajen masu sayar da kayan kwamfuta a babbar kasuwar Jimeta da shagunan cikin gari, ana yankawa da mita. Ku ce a ba ku Cat6, ko Cat5e idan shi ke akwai. Yana kai saƙo har tsawon mita 100 ba tare da ya raunana ba, kuma ban san gidan hayar da ya kai wannan tsawo ba. Namu mita 25 ne. Ku auna da igiya ta hanyar da zai bi, ba a miƙe ba, ku ƙara mita biyu ko uku. Ku sa mai shagon ya ɗaura kawunan biyu ya gwada a gabanku. Sannan ku tambaya ko jan ƙarfe ne zalla a ciki, domin akwai mai araha da aka yi da sanholo aka shafa masa jan ƙarfe a sama, saurin karyewa gare shi. Araha ba ta ado. Kafin ku saya kuma ku juya bayan rautar ku gani ko tana da ramukan sa kebul. 'Yar ƙaramar nan ta aljihu mai batir galibi ba ta da su, sai ta tebur.

Za a ba ku shawarar wasu hanyoyi biyu da ba sai an ja waya ba. Akwai 'yar na'urar da ake sawa a soket ta kamo waifai ta ƙara tura shi gaba. Tana taimaka wa mai waya, amma ga mai gem tana ƙara jinkiri ne, domin saƙon sai ya yi zango biyu. Akwai kuma wadda ke bi da intanet ta cikin wayoyin wutar gida. A ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa tana aiki. A gidan da kowane sashe da mitarsa, ko ake juyawa daga wutar Nepa zuwa janareta zuwa sola sau uku a yini, kuɗinku kawai za ku zubar. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, ya shigo gidaje da ofisoshi a Yola, amma kayansa da kuɗin watansa ba na kowa ba ne, yana son wuta a tsaye, kuma faifansa sai an kafa shi inda yake kallon sama, wato sai an hau rufin da ba naku ba.

Wannan ya kawo mu kan mai gida. Kada ku huda bangon mutum ba da saninsa ba, ko da ramin bai fi yatsa ba. Na ga inda aka riƙe wa mutane kuɗin ajiya saboda ƙusa, balle rami. Maigidana ne ya je ya samu dattijon da ke da gidan, ya ce, "Baba, wata 'yar waya muke so mu wuce da ita ta saman baranda, rami ɗaya ne kusa da taga, ranar da za mu tashi za mu toshe mu shafe." Ya ce a yi, amma kada a taɓa masa silin. Muka sa ya faɗa a gaban mai kula da gidan, saboda gobe. Idan naku ya ƙi, akwai kebul mai faɗi kamar zare na tabarma da ke bi ta ƙarƙashin ƙofa ko gefen taga ba sai an huda ba.

Wajen jan sa, a bi da shi ta sama, a maƙale da 'yan ƙusoshinsa a jikin bango. Kada a bar shi a ƙasa inda yaro mai rarrafe zai ja, ko tsohuwa ta harɗe da shi da daddare. Karayar ƙugu ga dattijuwa ba ƙaramin abu ba ne, wasu daga ita ba sa sake tashi. Inda zai fita rana a zura shi cikin fayif na roba, domin ranar Yola ta watan Maris da Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, tana busar da robar waya ta tsattsage, ga kuma ɓera. Kada a ɗaure shi tare da wayar wuta. Kuma a gaya wa mutanen gida cewa ba igiyar shanya ba ce. Kwana biyu da jan namu na tarar da zanen wata baiwar Allah a kai, da ruwansa. Idan damina ta sauka aka fara walƙiya da tsawa, a zare kebul ɗin daga bayan kwamfuta, a zare na wuta ma. Tsawa ba sai ta faɗa kan gida take ƙona kaya ba, wayar da ta ratsa tsakar gida tana iya ɗauko ta. Ita ma rautar tana jin zafi. A ɗora ta sama kusa da taga inda iska ke ratsawa, ba inda rana ke dukan ta ba, kuma a daina lulluɓe ta da kyalle don ƙura.

Ba zan ce muku kebul ya warware komai ba. Da magariba, lokacin da duk unguwa ke kan waya, turken da kansa yana cika, kuma wannan ya fi ƙarfin kebul. Amma tsalle-tsallen da lambar ke yi saboda bango da cunkoson waifai ya ragu ƙwarai, har wasan ya zama abin bugawa da hantsi da la'asar. Yaron ya shiga saitin rautar ya rage wa kwamfutarsa yawan abin da za ta iya ja a lokaci ɗaya don kada ta danne sauran, ya kashe sabuntawar da take yi da kanta. Aka yi yarjejeniya: duk wani babban saukewa, da datarsa zai yi, daga aljihunsa. Idan na dare ne mai araha, ya saita ya kwanta, kwamfuta ba ta bukatar mai gadi.

Akwai maganar wuta, wadda mutane ke mantawa sai rigima ta tashi. Kwamfutar gem ba kamar waya ba ce. Idan wasa ya yi nauyi tana iya jan wat 300 zuwa 500, har da fiye. Mu ɗauka 400 ne, awa biyar a rana: yunit 2 ke nan kullum, 60 a wata. Idan mita ɗaya kuke amfani da ita da maƙwabta, ku faɗi wannan da bakinku ku ƙara abin da ya hau kanku tun kafin wani ya lissafa muku. Kuma kada a jona kwamfuta da allo da fanka da dutsen guga a kan soket ɗaya mai araha. Idan kun taɓa kun ji ya yi zafi, ko kun ji ƙaurin roba, a cire.

Sai layin da ke cikin rautar. Da sunan wa aka yi masa rajista? Yanzu kowane layi a haɗe yake da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Duk abin da aka aikata ta wannan intanet, mai layin za a fara nema. A gidan da abokan yara ke shiga da fita, kalmar sirri tana yawo har maƙwabtan bayan katanga. A riƙa canza ta, a san wayoyin da ke kai, baƙi kuma a buɗe musu tashar baƙi idan rautar tana da ita.

Yanzu ga inda na fi so ku saurare ni, iyaye. Kebul yana da kai biyu. Ɗaya yana jikin rauta, ɗayan kuma ku ne za ku zaɓi inda zai ƙare. Yaron ya so ya ƙare a gefen katifarsa. Na ce a'a, a falo zai ƙare. Mun yi kwana uku ba ya gaishe ni da fara'a. Amma na riga na ga abin da ƙofa a rufe da allo a kunne suke yi wa barci. A falo ina ganin abin da yake bugawa, ina jin da wa yake magana, kuma idan aka kashe fitila aka rufe falo, wasa ya tashi ba sai an yi kokawa ba. Kwamfutar tebur tana da wannan alheri da waya ba ta da shi: ba a shiga da ita bargo. Ƙarfe goma da rabi muka tsayar. Daren Juma'a da na Asabar ana ƙara masa awa ɗaya. Wanda falonsa bai isa ba, ko yake ganin yaron ya girma da wannan, yawancin rautoci ana iya saita su su yanke wa na'ura guda intanet a lokacin da aka zaɓa. Sai dai a yi shi da saninsa. Yaron da ya iya haɗa kwamfuta zai iya warware duk abin da kuka ƙulla a ɓoye.

Masana barci sun ce matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Wanda ya kwanta ƙarfe huɗu ya tashi sallar asuba ya koma, ko ya cike awoyin da rana, ba daidai yake da wanda ya yi barcin dare ba. Za ku gan shi da saurin fushi, mantuwa, rashin cin abinci a kan lokaci. Lemon ƙara kuzarin da suke sha yana ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke cikin goro da kofi, kuma jiki yana ɗaukar kamar awa biyar kafin ya fitar da rabinsa. Gwangwanin ƙarfe tara na dare yana nan yana aiki ƙarfe biyu. Daga nan sai a zo wurina neman maganin barci. Ba na bayarwa, kuma ina roƙon ku kada ku je inda za a ba ku. Diazepam da 'yan uwansa magunguna ne da likita kaɗai ke rubutawa, jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, kuma mu a Arewa mun ga inda wannan hanya take kai matasa. Yaron da kafeyin da allo suka hana barci ba ƙwaya yake bukata ba.

Ido ma haka. Mai kallon allo yana rage ƙiftawa ba tare da ya sani ba, sai ido ya bushe ya yi ja yana yaji, balle da fanka a fuska ko ƙurar hunturu. Abin da ke taimakawa: duk minti 20 a ɗauke kai a kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20, a sa allon ya ɗan yi ƙasa da saitin ido kuma nesa da fuska kamar tsawon hannu, kada a buga cikin duhu. Idan bushewar ta dame shi, akwai ruwan ɗigawa mai kama da hawaye wanda ba magani a cikinsa. Abin da nake tsoro shi ne wanda ake saya a kan tebur saboda "yana sa ido ya yi fari nan take". Uwargida, ki juya kwalin ki karanta. Idan kin ga dexamethasone ko betamethasone ko prednisolone, ki ajiye shi sai likitan ido ya ce. Ɗiga irin waɗannan na tsawon lokaci yana iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya tafi da shi ba ya dawowa. Chloramphenicol kuma na ƙwayoyin cuta ne, ba ya maganin gajiyar allo. Idan jan ya wuce 'yan kwanaki, ko akwai ciwo, ko gani ya dushe, a kai shi sashen ido a Asibitin Ƙwararru na Jimeta ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola.

Ciwon wuya da baya kuwa, kujera ce da tebur. Yaro ya yi awa huɗu a kan kujerar roba ko a bakin katifa ya duƙa, sannan ya haɗiyi diclofenac ko ibuprofen da cikin da ba komai. Haka ake sayen gyambon ciki da kuɗin aljihu. Ƙafa ta taka ƙasa, baya ya jingina, a miƙe a taka duk bayan wasa ɗaya. Abin kunne ma a rage masa ƙara. Idan kina tsaye kusa da shi kina jin abin da yake ji, ya yi yawa.

Wata maƙwabciyarmu ta tambaye ni ko gaskiya ne rauta tana sa ciwon daji, don ta ji ana faɗa. Ƙarfin abin da take fitarwa kaɗan ne ƙwarai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a samu gamsasshiyar hujjar cewa irin wannan yana cutar da lafiya ba. Abin da ke kashe mutane a gidajen haya ba rauta ba ne, janareta ne. Idan an ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, yaro zai tayar da ƙaramin janareta ya ja shi baranda ko lungun bayan taga, ko don gudun ɓarawo ko don kada ƙara ta tashi mutane. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi. Alamunta ciwon kai, jiri, amai, kasala, irin abin da za a ce maleriya ce a nemi magani a koma a kwanta. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da wannan a lokaci guda kuma janareta yana aiki, a fitar da su sarari, a kashe shi, a tafi asibiti. Wurinsa waje ne, kamar mita 6 daga kowace taga da ƙofa, har da ta maƙwabci. Idan tsakar gidanku ba ta kai haka ba, to ba a kunna shi da dare saboda gem.

Wasu za su tambaya, to yaushe abin ya zama cuta? A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasan gem cikin kundin cututtukanta, kundin ya fara aiki a 2022. Amma ta gindaya sharuɗɗa: mutum ya kasa tsayar da kansa, wasan ya ture karatu da aiki da sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma a saba ganin haka kamar wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu buga gem suke kaiwa nan. Saboda haka kada a yi saurin laƙaba wa yaro tambari. Amma idan ya daina wanka, ya bar makaranta, yana ɗaukar kuɗi don sayen abubuwan cikin wasa, ko ya tayar da hankalin gida idan an kashe, wannan ya wuce kebul da saiti. A nemi likitan ƙwaƙwalwa, ba abin kunya ba ne.

Namu dai yanzu yana bugawa bayan la'asar, wani lokaci bayan isha'i, 'ya'yan maƙwabta biyu suna zaune a bayansa suna ihu kamar a gidan kallon ƙwallo. Har yanzu muna ja-in-ja idan ƙarfe goma da rabi ta yi yana tsakiyar wasa, sai ya ce, "Adda, minti biyar," ni kuma na san minti biyar ɗinsa. Gwangwanayen sun ɓace daga ƙarƙashin gado. Maƙwabciyata ta ce idan kuɗin haya ya zagayo aka zauna da Baba, za ta roƙe shi rami na biyu, domin babban ɗanta ya fara tara kuɗin tasa kwamfutar. Na ce mata ta fara auna nisan falonta.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.